Karo Daban, Shela Daban

A banki, a asibiti, a cibiyar rubuta jarrabawa ta kwamfuta, akwai magana ɗaya da ke watsa layi komai tsawonsa, wato a ce babu netwok. Da an faɗe ta sai kowa ya juya fushinsa ga kamfanin sadarwa, shugaban ma'aikata kuma ya fara lissafin kuɗin ƙara ƙarfin intanet. Sau da yawa zargin yana kan hanya. Amma akwai wata tsayawar netwok da ba ruwanta da kamfani, ba ruwanta da kebul ɗin ƙarƙashin teku, domin a cikin ginin ake haifarta, a tsakanin akwatunan da ma'aikatar ta saya da kuɗinta ta kafe a bango. Duk inda aka haɗa kwamfutoci wuri guda, tambayoyi biyu ke tasowa, kuma ba na'ura ɗaya ke amsa su ba. Ta farko: su wane ne ba za su iya magana lokaci guda ba, sai maganarsu ta yi karo? Ta biyu: idan wata kwamfuta ta yi shela, su wane ne dole su ji? Injiniyoyi sun kashe tambaya ta farko a cikin waya. Hujjar da nake son kafawa ita ce, wannan nasarar ce ta ruɗi masu saye da masu haɗawa, har suka ɗauka ta biyun ma ta bi ta, alhali tana nan da ranta, kuma babu akwatin da zai amsa ta sai mutum ya zauna ya shata iyaka da gangan.

Matsalar karo a rediyo aka fara fama da ita, kuma duk wanda ya taɓa murɗa akwatinsa da dare ya ji tashoshi biyu sun hau kan juna a zango ɗaya ya san yadda take: ba ka ji wannan ba, ba ka ji wancan ba. A 1971, Norman Abramson da abokan aikinsa a Jami'ar Hawaii ta Amurka suka kunna wani tsari mai suna ALOHAnet, don haɗa na'urorin da ke warwatse a tsibirai da babbar kwamfutar jami'ar a Honolulu ta hanyar rediyo. Ƙa'idarsu ba ta da wuya. Duk mai saƙo ya aika lokacin da ya ga dama. In bai sami tabbacin an karɓa ba, ya ɗauka saƙonsa ya yi karo da na wani, ya ɗan dakata ya sake. Tsarin ya yi aiki, amma lissafi ya nuna iyakarsa. Abin da zai isa lafiya bai wuce kusan kashi 18 cikin ɗari na ƙarfin zangon ba, kuma idan masu aikawa suka ƙara matsawa, sai amfanin ya riƙa komawa baya, saboda kowane karo yana haifar da maimaici, maimaicin kuma ya haifi wani karon.

Robert Metcalfe ya karanci aikin Hawaii, ya ɗauko dabarar ya zura ta cikin waya. A watan Mayun 1973, a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto, ya rubuta takardar da ake ƙirga haihuwar Ethernet daga gare ta, sannan shi da David Boggs suka gina na farko mai gudun megabit 2.94 a sakan. A 1980 kamfanonin DEC da Intel da Xerox suka fitar da ƙa'idar megabit 10. Waya ce guda ɗaya mai kauri, tsawonta har mita 500, kwamfutoci na maƙale a jikinta. An yi wa tsarin Hawaii gyara biyu. Kowace kwamfuta ta saurara kafin ta fara, in ta ji wata na magana ta jira. Kuma ta ci gaba da saurare tana cikin aikawa, da ta ji karo ta tsaya nan take, ta sanar da kowa, ta zaɓi wani ɗan lokacin jira bisa ƙuri'a. In aka sake karo, sai zangon ƙuri'ar ya ninka, ya yi ta ninkawa har karo na goma. In an gwada sau 16 abin ya ƙi, sai ta haƙura ta jefar da saƙon. Babu shugaba, babu mai raba magana, ladabi ne kawai da sa'a.

A nan akwai wani lissafi da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ke nuna cewa karo yana da yanki mai iyaka. Sigina ba ta isa ƙarshen waya nan take. Tana cin lokaci, komai ƙanƙantarsa. A ce kwamfutar da ke wannan ƙarshen ta fara aikawa. Kafin siginarta ta isa can, ta ɗaya ƙarshen ta saurara, ta ji shiru, ita ma ta fara. An yi karo ke nan. To, labarin karon sai ya dawo har wurin ta farkon kafin ta gama aikawa, in ba haka ba za ta tashi da zaton saƙonta ya isa. Shi ya sa aka ƙayyade cewa ƙunshin saƙo ba zai gaza bayit 64 ba, wato bit 512, wanda aika shi a gudun megabit 10 ke cin sakan ɗaya a raba gida miliyan a ɗauki kimanin 51. Aka kuma ƙayyade cewa faɗin netwok ɗin duka kada ya wuce wajen mita 2,500, ko da an sa na'urorin ƙara wa sigina ƙarfi guda huɗu a tsakani. Duk kwamfutocin da ke cikin wannan fili, waɗanda maganar ɗayansu ke hana sauran magana, su ne yankin karo ɗaya. Da aka ninka gudu sau goma zuwa megabit 100 a 1995, lokacin aika bit 512 ya ragu sau goma, sai filin ya tsuke ya koma kimanin mita 200. Ashe karo ba cunkoso kaɗai yake jawowa ba, shi ne ke hana gudu da nisa su zauna wuri guda.

Na'urar da ake kira hob ba ta canja komai a wannan lissafi ba. Ta yaɗu bayan ƙa'idar 1990 da ta bai wa kowace kwamfuta tata wayar mai tsawon mita 100 zuwa akwati guda, abin da ya sauƙaƙa gyara ƙwarai, tunda tsinkewar waya ɗaya ta daina kashe kowa. Amma a cikinsa hob ba ya karanta komai. Abin da ya shigo ta kafa ɗaya, shi yake maimaitawa ta dukkan sauran kafofin. Hob mai kafa 24 yankin karo ɗaya ne, kamar tsohuwar wayar ce aka naɗe aka cusa a akwati.

Wadda ta karya lagon karo ita ce na'urar da ake kira gada, da ɗanta suwic. Tun a shekarun 1980 kamfanin DEC ya fitar da gadar da ke haɗa wayoyi biyu tana koyon wanda ke kowane ɓangare, sannan a farkon shekarun 1990 wani ƙaramin kamfani mai suna Kalpana ya fitar da akwati mai kafofi da yawa a kan wannan dabara, kamfanin Cisco ya sayi Kalpana a 1994. Kowace na'ura tana da lambar shaida mai bit 48 da aka ba ta tun daga masana'anta, wadda ake kira adireshin MAC. Suwic yana duban adireshin mai aikawa a kowane ƙunshi, ya rubuta a jadawalinsa cewa wane yana kafa ta uku, wance tana ta goma sha ɗaya. Idan saƙo ya zo wa wance, ta kafarta kaɗai zai fitar da shi. In biyu suka zo mata lokaci guda, sai ya riƙe ɗaya a ma'ajiyarsa har ɗayan ya wuce. Suwic mai kafa 24 ya zama yankin karo 24. A 1997 kuma aka amince da ƙa'idar da ta bar kwamfuta ta aika ta kuma karɓa a lokaci guda a kan wayarta, sai karo ya rasa wurin faruwa ma. Lokacin da Ethernet mai gudun gigabit 10 ya fito a 2002, ba a ma sa tsarin gano karo a cikinsa ba. Wannan nasara ce cikakkiya, kuma ta zo a arha, ba ta neman saiti: ka jona wuta, ka soka wayoyi, fitilu su kama ƙyaftawa.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Akwai saƙon da ba wa mutum ɗaya aka rubuta shi ba, kuma netwok ba ya rayuwa sai da shi. Kwamfutar da aka kunna yanzu ba ta da adireshin IP, ba ta kuma san wanda ke rabawa ba, don haka dole ta ɗaga murya ta tambayi kowa. Wannan shi ne aikin tsarin DHCP, wanda aka fara rubuta ƙa'idarsa a 1993. Bayan ta samu, in tana son magana da firinta ko da maƙwabciyarta, ta san adireshin IP ɗinsu amma ba ta san na MAC ba, sai ta sake tambayar kowa wane ne mai lamba kaza. Wannan kuma ARP ne, da David Plummer ya rubuta a 1982. Irin wannan saƙo ana sa masa wani adireshi na musamman, bit 48 ɗin duka ɗaya-ɗaya, ma'anarsa kowa da kowa. Suwic kuwa, duk wayonsa, idan ya ga wannan adireshi ba shi da zaɓi: ya kwafa ya fitar ta kowace kafa, har da kafar da ke zuwa wani suwic ɗin, shi ma wancan ya yi haka. Haka ma yake yi da saƙon da bai riga ya koyi inda mai shi yake ba. Ku ɗauki mai shelar gari. Ba ya zaɓen gida, ba ya tambayar ko abin ya shafe ka, duk lungun da ƙafarsa ta kai sai an ji, kuma ba ya tsayawa sai a ƙofar gari. Jera suwic ashirin ƙara lunguna ne a cikin ganuwa ɗaya. Yankunan karo sun zama ɗaruruwa, yankin shela yana nan guda.

Ƙofar garin ita ce rauta. Ita ba ta aiki da adireshin MAC wajen yanke hukunci. Tana kwance ƙunshin, ta dubi adireshin IP na inda saƙon ya nufa, ta duba jadawalin hanyoyinta, ta sake naɗe shi da sabon adireshi ta miƙa gaba. Shelar da aka yi wa kowa a wannan ɓangare a jikinta take mutuwa. Kowace kafar rauta yankin shela ne mai zaman kansa. Tun 1998 kuma akwai hanya ta biyu, wadda ake kira VLAN: ana manna wa kowane ƙunshi wata alama mai bayit huɗu da ke ɗauke da lambar rukuni, daga 1 zuwa 4,094, sai suwic guda ya zama kamar suwic da yawa da ba sa jin shelar juna. Ofishin kuɗi na rukuni 10, ɗakin gwaji na rukuni 20, baƙi na rukuni 30, ko da wayoyinsu a akwati ɗaya suka taru. In za su yi magana da juna, sai ta hannun rauta, ko suwic mai iya aikin rauta. Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne, raba yankin karo yana zuwa ne tare da akwatin, amma raba yankin shela sai an yi niyya, an zana, an saita. Suwic mafi tsada a duniya, in aka ciro shi daga kwali aka jona, dukkan kafofinsa a rukuni ɗaya suke.

Wani zai ce, to sai me? Kwamfutocin yau suna da sauri, wayoyin gigabit ne, 'yan tambayoyin ARP da DHCP ba su kai abin ƙirgawa ba. Wannan magana tana da gaskiya a ranar da komai ke tafiya daidai, kuma tsofaffin littattafan da ke tsoratar da mutane cewa shela za ta cinye ƙarfin kwamfuta sun fi dacewa da injinan zamaninsu. Amma ba don ranar lafiya ake shata iyaka ba. Saƙon IP yana ɗauke da wani ƙidayau da ke raguwa da ɗaya a kowace rauta, in ya kai sifili a jefar da shi, don haka ba zai yi ta yawo har abada ba. Ƙunshin Ethernet ba shi da wannan ƙidayau. Idan aka sami zobe a tsakanin suwic-suwic, a ce wani ya ga waya tana reto ya soka ta a bango don tsafta, alhali ɗaya kanta ma a bangon yake, to shela ɗaya za ta shiga zoben ta yi ta zagayawa, kowane zagaye ana kwafe ta zuwa dukkan kafofi, sababbin shela suna shigowa babu mai fita. Cikin 'yan sakanni wayoyin sun cika, jadawalin suwic ya rikice saboda yana ganin adireshi ɗaya daga kafofi daban-daban, komai ya tsaya. Kuma wannan guguwa tana tsayawa ne daidai inda yankin shela ya tsaya. Girman yankinka shi ne girman asararka.

An yi wa zobe magani, gaskiya ne. A 1985 Radia Perlman, tana aiki a DEC, ta ƙirƙiro tsarin da gadoji ke zaɓen ɗayansu a matsayin tushe, su toshe duk hanyar da za ta rufe zobe, su ajiye ta don ranar da wata ta yanke, kuma ya zama ƙa'ida a 1990. Amma maganin yana da nasa iyaka, kuma asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston ya gano ta da tsada. A ranar 13 ga Nuwamban 2002 netwok ɗin asibitin ya fara sarƙewa, bayan wata manhajar bincike ta cika shi da bayanai. Netwok ne da ya girma sannu a hankali, gini bayan gini, haɗaka bayan haɗaka, ana ta ƙara suwic a kan suwic, har nisan da ke tsakanin wasu sassansa ya wuce matakai bakwai da aka tsara saitin farko na tsarin Perlman a kai. Tsarin ya kasa daidaita kansa, saƙonni suka shiga zagaye. Kusan kwana huɗu likitoci na rubuta umarnin magani a takarda, ana aiken mutane da ƙafa su kai sakamakon gwaji. Shugaban sashen fasahar asibitin, John Halamka, ya fito fili ya bayyana abin da ya faru don wasu su ɗauki darasi, gyaran da aka yi kuma shi ne sake gina tsakiyar netwok ɗin a kan rauta. Wannan asibitin koyarwa ne na Jami'ar Harvard. Ba kuɗi suka rasa ba, ba kuma ƙwararru ba.

Kada a ce wannan tsohon labari ne. A ƙarshen Disambar 2018, babban layin kamfanin CenturyLink a Amurka ya sami tangarɗa ta kusan awa 37. Rahoton hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ya nuna cewa wata na'ura a birnin Denver ce ta fitar da gurɓatattun ƙunshi guda huɗu kacal. Abin da ya mayar da su bala'i shi ne suna ɗauke da adireshin kowa da kowa, kuma ba su da wa'adin mutuwa, sai suka shiga wata hanyar da na'urorin ke magana da juna ta cikinta, wadda aka bar ta a buɗe ko da yake ba a amfani da ita, kowace na'ura tana maimaita su ga maƙwabtanta. Rahoton ya ce abin ya shafi mutane har miliyan 22 a jihohi 39, kuma aƙalla kira 886 zuwa lambar agajin gaggawa ba su shiga ba. Kayan ba irin suwic ɗin ofis ba ne, amma cutar ita ce dai: shela, babu wa'adi, babu iyaka.

Ban da haɗari, akwai batun amana, wanda a ganina ya ma fi nauyi. ARP da DHCP an gina su ne a zamanin da duk wanda ke kan waya abokin aiki ne, don haka ba sa tambayar shaida. Duk wanda ya amsa cewa shi ne mai lamba kaza, an yarda. Mutumin da ke cikin yankin shelarka zai iya cewa shi ne rautar da ke fita da kai intanet, saƙonninka su riƙa bi ta hannunsa. Ba ma sai da mugun nufi ba: ma'aikaci ya kawo 'yar rautarsa ta gida don ya sami Wi-Fi a ofishinsa, ya soka wayar bango a kafar da ba ita ba, sai ta kama raba adireshi ga duk ginin, rabin kwamfutocin su karɓi nata su ɓace daga aiki. Idan kwamfutar biyan albashi da wayar salular baƙon da ke zaune a ɗakin jira suna jin shelar juna, to tsakaninsu babu shamaki, ko da bene uku ne ya raba su.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ƙarfi, musamman a wurinmu. Suwic mai karɓar saiti ya fi wanda ba ya karɓa tsada, kuma yana buƙatar wanda ya iya. In mai haɗawar ya tafi da kalmar sirri a kansa, an shiga uku. Bayan haka, rabawa tana da nata ciwon kai. Firintoci da na'urorin nuna hoto a bango da yawa ta shela ko makamanciyarta ake gano su, da an raba rukuni sai a daina ganinsu, DHCP ma sai an saita rauta ta riƙa miƙa tambayar zuwa inda mai rabon yake. Duk wannan haka ne, kuma shi ya sa ban ce kowa ya raba ba. Shagon kwamfuta mai inji goma, ko gida, yankin shela ɗaya ya ishe shi, rautar da ke ƙofa ta riga ta raba shi da duniya. Ko ɗakin jarrabawa irin waɗanda suka yawaita a Kano da Kaduna da Sakkwato tun da JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, in yana da inji 250 masu aiki iri ɗaya ƙarƙashin kulawar mutum ɗaya, zamansa a rukuni guda ba laifi ba ne. Rukunin adireshi da aka fi sabawa da shi ma 254 yake ɗauka. Inda ake kuskure shi ne ranar da aka ja waya daga wannan ɗaki zuwa ofisoshi, daga ofisoshi zuwa ɗakin karatu, daga nan zuwa masaukin ɗalibai, kowane mataki da suwic mai arha, babu wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar haɗa su. Ba a gina irin wannan netwok da niyya, tsiro yake yi. Ma'aunin kuwa ba yawan inji ba ne kaɗai. A tambaya: waɗanne sassa ne bai kamata su faɗi tare ba, waɗanne ne bai kamata su amince da juna ba? Kuma VLAN ɗin ma ba laya ba ce. In aka ƙirƙiri rukuni goma amma aka shimfiɗa kowannensu a kan dukkan gine-gine, zoben da ya tashi a rukuni ɗaya zai cika wayoyin da duka goman ke bi.

Saura masu cewa karo ya zama tarihi, a daina wahalar da ɗalibai da shi. A cikin waya, sun yi gaskiya. Amma yawancin na'urorin da ke hannun jama'a yau ba waya suke bi ba, iska suke bi, kuma Wi-Fi, tun ƙa'idarsa ta farko a 1997, ya gaji matsalar Hawaii ne kai tsaye. Rediyo ba ya iya jin wani yana cikin watsa nasa, domin muryarsa ta danne komai a kunnensa, don haka gano karo ba ya yiwuwa. Sai dai kauce masa, a saurara, a jira bisa ƙuri'a, a aika, a jira tabbaci. Duk wayoyin salular da ke kan na'urar Wi-Fi ɗaya a zango ɗaya layi suke bi, har da na maƙwabcin da ya faɗo zangon, kuma a mitar gigahaz 2.4 zanguna uku ne kawai ba sa hawa kan juna, na 1 da na 6 da na 11. Wani lokaci ma wayoyi biyu kowace tana jin na'urar tsakiya amma ba sa jin juna saboda katanga, sai su aika tare su yi karo a wurinta.

A nan ne matsalolin biyu suke haɗuwa, kuma a nan ne maganar cewa shela ba ta da nauyi take rushewa ko a ranar lafiya. Na'urar Wi-Fi, a wajen Ethernet, gada ce kawai: duk shelar da ta zo mata daga waya sai ta watsa ta a iska. Kuma tunda saƙon na kowa ne, har da wanda ke can nesa a bakin katanga, a mafi ƙarancin gudu take watsa shi, wanda a mitar 2.4 kan iya zama megabit 1 in ba a canja saitin ba, a mitar gigahaz 5 kuma megabit 6. Muddin tana wannan jan ƙafa, babu wayar da za ta yi magana a zangon, ko da mai iya gudun megabit ɗari ce, wayoyin da suka yi barci don tattalin batir kuma sai sun farka sun saurara. In jami'a ta jera irin waɗannan na'urori hamsin a kan yankin shela ɗaya mai wayoyi dubu biyu, tambayar ARP ɗin da wayar wani ɗalibi ta yi a masauki za a watsa ta sau hamsin, har a ɗakin taron majalisar jami'a. Masu ƙera kayan Wi-Fi na manyan ma'aikatu sun san haka, shi ya sa suke sa saitin da na'urar za ta amsa tambayar ARP a madadin wayoyin, da wanda zai kashe ƙananan gudu, da wanda zai hana wayoyin baƙi ganin juna. Waɗanda suka tsara IPv6, sabon tsarin adireshin IP, kuma sun cire shelar kowa da kowa daga ƙa'idarsu ɗungurungum, suka maye gurbinta da kiran rukuni-rukuni, ko da yake suwic ɗin da ba a saita shi ya bambance rukunan ba, ta dukkan kafofinsa yake fitar da wannan kiran ma.